Yadda zaka zaɓa wa iyalinka kyamarar fim mara nauyi mai saita hoto da kanta

Tun bayan ƙaramar sallah da muka hau Ɗa'ifa da iyali aka ga maman yara tana zaro wata 'yar kyamara daga jaka tana ɗaukan yara a bakin dutsen Hada, har yau ban huta da tambaya ba. Wannan ya tare ni bayan Isha'i, wancan ya kira, matan ma su aiko ta wajen maman yara, wai ina aka samo, nawa ce, har yanzu ana wanke fim a ƙasar nan kuwa? To na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya yadda na bi, daga farko har hoto ya fito. Ni a Jidda nake, dan haka misalaina na nan ne, amma na Makka da Madina da Riyad duk hanyar ɗaya ce. Kuma duk inda na ce "ita", in ke ce zaki saya wa maigida to ki juya kawai.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, kyamarar nan ta hannunta ce. Mu maza in mun shiga kasuwa idonmu na kan mai tsada mai suna mai maɓallai da yawa, ita kuma abinda take so shine ta ciro daga jaka ta danna ta mayar kafin yaro ya gudu.

Mataki na 1: Fara nemo mai wankin fim

Kar ka sayi komai sai ka gama wannan. Sutudiyo da yawa da ka sani a unguwa suna buga hoto ne daga waya, injin wankin fim sun daɗe da cire shi, masu yi sun rage kaɗan kuma yawanci a manyan birane suke, wasu ma sai dai ka aika musu ta mandub, wato ɗan aike, su turo maka hotunan. Ka tambaya ko suna wanke fim mai kala na 35mm, wankin da ake kira C-41, shine na fim ɗin da zaka dinga saya. Ka tambayi kuɗin wanki da na sikanin, wato juya hotunan zuwa na kwamfuta da waya, kwana nawa, sannan ko suna dawo da dodon hoton, domin shi ne asalin hotonka.

Ga maganar da ta fi komai muhimmanci kuma mutane basa tunowa sai abu ya wuce. Hoton waya daga kai sai ita. Hoton fim kuwa dole ya bi ta hannun baƙo, mai wankin zai ga kowane ɗaya a allon kwamfutarsa lokacin da yake gyara kala. To in uwargida ta ɗauki 'yan uwanta mata a ɗaki ranar suna ko ƙunshi, kowa ta ajiye abaya da mayafi, wannan fim ɗin namiji ne zai buɗe shi in ba a yi hattara ba. Ku zauna ku yi wannan maganar tun kafin a kashe riyal ɗaya. Mu dai abinda muka tsayar shine kyamarar fim ta yara ce da tafiye-tafiye da duk inda aka fita da sutura, na cikin ɗaki kuma waya ta ishe shi. Ka tambayi wajen ko akwai mace mai aikin, ka kuma tambaya ko suna goge hotunan daga kwamfutarsu bayan sun turo. Wanda ya yi maka wasa da wannan tambayar kar ka ba shi fim ɗinka.

Mataki na 2: Tambaye ta, ko ka lura da jakarta

In ba so kake ka yi mata bazata ba, tambaya ta fi. Me zata fi ɗauka, yara a gida ko waje? Da rana ko bayan Magariba, tunda rayuwar nan rabin fitarmu da dare ne saboda zafi? Tana sa tabarau? Tana sa niƙabi? Waɗannan biyun na ƙarshe ba ƙaramin abu bane, wasu ƙananan kyamarorin tagar leƙensu kamar ƙwayar wake take, mai tabarau sai ta yi ta neman inda zata sa ido. Ita maman yara da na miƙa mata wata a shago sai da ta juya kai sau uku sannan ta ce "Baban yara ni fa duhu kawai nake gani", nan take na san ba tata bace duk da ni ta burge ni.

Sai nauyi. Wayar da ke hannunka yanzu wajen giram 200 ce. Duk kyamarar da bata wuce nauyin waya da yawa ba zata zauna a jaka kullum tare da turare da makulli, wadda ta ninka waya biyu kuma zata koma durowa bayan sati biyu.

Mataki na 3: Ware kuɗi, ka lissafa har da na fim

Kuskuren da aka fi yi shine a zuba duk kuɗin a kyamara. Fim da wanki sune cin kuɗin na kullum. Ni yadda nake lissafi, kowane naɗi ɗaya mai hoto 36, sayensa da wankinsa da sikanin, ina ware riyal 120 zuwa 150, ka ga kowane hoto ya tashi wajen riyal 4. Farashin yana motsi dan haka ka tambayi na ranar. In naɗi ɗaya zata ƙarar a wata to ka san abinda ka ɗauko wa kanka a shekara.

Ita kyamarar, a ganina mai farawa bai kamata ya wuce riyal 200 zuwa 500 ba. Waɗannan kayan sun shekara ashirin zuwa arba'in, na roba ne da lantarki a ciki, kamfanonin sun daina yin kayan gyaransu, ranar da ta mutu yawanci ta mutu kenan. In ta riyal 300 ta tsaya zaka yi haƙuri ka nemi wata, in ta dubu biyu ce kuwa abin zai daɗe yana maka ciwo.

Mataki na 4: Zaɓi iri

Nan ne zan ɗan daɗe.

Wadda kowa ke kira ita ce Olympus mju II, a Amurka sunanta Stylus Epic, ta fito 1997. Nauyinta wajen giram 135, bata kai waya ba, idonta, wato gilashin gaba mai ɗaukan hoto, 35mm ne f/2.8, ma'ana yana shan haske sosai, murfi ake turawa gefe ta kunna a mayar ta mutu, kuma yayyafi baya damunta. Kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma sunan da ta yi ya sa kuɗinta yana kai riyal dubu har ya haura, tagar leƙenta ƙarama ce, maɓallanta ƙanana ne sai da bakin farce, sannan duk sanda aka kashe ta aka kunna filasha tana komawa kan kunna kanta. Yayarta mju ta farko ta 1991 mai ido f/3.5 kusan aiki ɗaya suke yi a hannun mai ɗaukan yara, kuma ta fi sauƙi. Su Yashica T4 mai gilashin Zeiss da Contax T2 ka bar wa masu tara kaya, kuɗin suna ne rabin abinda zaka biya.

Inda araha take shine waɗanda ba a cika zancensu ba. Canon tana da jerin da ake kira Prima a Turai, Sure Shot a Amurka, Autoboy a Jafan, kaya ɗaya ne suna uku, dan haka in ka nema da suna ɗaya baka samu ba gwada ɗayan. Pentax tana da Espio, a Amurka IQZoom. Minolta tana da Riva. Olympus ɗin ma tana da mju masu zum, wato ido mai jawo nesa kusa, da suka fi mju II sauƙi nesa ba kusa ba. Na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 su nake nufi, su ne marasa nauyi.

Gargaɗi akan zum. Mai sayarwa zai nuna maka yadda idon ke fitowa zololo yana jawo nesa kusa, an rubuta 38 zuwa 140 ko 160, ka ji kamar ka samu banza. To duk sanda idon ya miƙe haske yana raguwa ƙwarai, a ƙarshensa wasu har f/11 ko fiye, da yamma hoton sai ya fito da rawa. Kuma wajen miƙewar nan shine ya fi saurin lalacewa, ga ƙurar ƙasar nan tana shiga. In zum ɗin take so ka tsaya kan gajere, mai tsayawa a 70 ko 80 ko 90.

Akwai tsofaffi na wajen shekarun 1980 kamar Nikon L35AF ta 1983 da Canon AF35M ta 1979. Hotonsu yana da kyau musamman Nikon ɗin, kuma batir AA suke ci wanda ko a baƙala, wato ɗan kantin ƙasan gida, akwai. Sai dai sun fi girma, sun fi nauyi, injinsu yana da ƙara, kuma ƙofar batirin Nikon ɗin ta yi suna wajen karyewa. Ga wadda ke son ta ji ta riƙe abu a hannu sun yi, ga jakar fita biki basu yi ba.

In kuma uwargida mai son ta koyi hoto ce sosai, akwai manya masu canza ido amma na roba marasa nauyi, kamar Canon EOS 300 ta 1999 ko Nikon F75 ta 2003. Ka sa ta a kan koren alama shikenan ta zama danna-ka-tafi, saitinta ya fi na ƙananan sauri kuma abinda ido ya gani shi zai fito. EOS 300 da ƙaramin ido 50mm wajen rabin kilo ne. Abin mamaki sau da yawa sun fi mju II araha. A kula, idon Canon da aka rubuta EF-S baya shiga kyamarar fim, sai EF zalla.

Yanzu abubuwa biyu da zaka gudu. Na farko duk wadda aka rubuta Focus Free ko Fixed Focus a gabanta, wannan bata saita komai, idonta a ƙafe yake wuri ɗaya, nemi wadda aka rubuta AF, wato mai saita hoto da kanta. Kodak Ektar H35 da ake sayarwa sabuwa a kwali ita ma idonta a ƙafe yake, Pentax 17 da ta fito 2024 kuma da hannu ake zaɓar nisa.

Na biyu shine APS, kuma wannan ni ya taɓa ci. Kyamarar farko da na saya a haraj, wato kasuwar gwanjo, 'yar ƙarama ce ta ƙarfe mai sheƙi, tana kunnawa, filasha na tashi, na biya ina murna na kawo gida. Da na zo sa fim sai na ga bayanta baya buɗewa, wata 'yar ƙofa ce kawai a ƙasa. Ashe wani fim ne daban take ci wanda aka daina yi tun wajen 2011. Mai sayarwar ma na tabbata bai sani ba, a cikin tarin kaya ya same ta. Abin ya dame ni saboda na riga na faɗa mata na samo. In ka ga APS, ko Advantix, ko IX240, ko Canon IXUS da ELPH na fim, ajiye. Ta 35mm bayanta gaba ɗaya yake buɗewa kamar ƙofa.

Mataki na 5: Duba irin batirin kafin ka yi ciniki

Yawancin ƙananan CR123A suke ci ko CR2, duka na lithiyam ne volt 3, ana samu a Amazon da Noon da shagunan kayan lantarki. Masu cin 2CR5 sun fi wahalar samu. Ka sayi sabo ka tafi da shi kasuwa a aljihu, in ka riga ka san irin da kake nema, in baka sani ba ka riƙe CR123A ɗaya da CR2 biyu da AA biyu. Ta haka ba wanda zai ce maka "tana aiki batir ne kawai babu".

Mataki na 6: Inda ake samu

Hanya uku ce. Kasuwar gwanjo, irin Harajin Sawarikh a kudancin Jidda ko Haraj bin Ƙasim a Riyad, nan ne araha amma sai sa'a da haƙuri, kuma ba damani, wato garanti, in ka bar wajen shikenan. Sai manhajar Haraj a waya, ka rubuta sunan kyamarar da Larabci da Turanci duka, ka nemi wanda ke garinku ku haɗu ka gwada a gabansa, kar ka tura kuɗi ga wanda baka gani ba. Sai eBay, musamman masu sayarwa daga Jafan, su ne suka fi kaya masu tsafta.

Na eBay ga yadda lissafin yake. Dala ɗaya riyal 3.75 ce. A ce kyamara dala 80, kuɗin aikowa dala 25, ya zama 105, wato wajen riyal 394. Ɗora harajin VAT kashi 15, ka kusa riyal 453, kuma kamfanin da ya kawo zai iya ƙara nasa na fito da kaya. Ka tabbata adireshinka na unwan waɗani, wato wanda aka yi maka rajista a hukumance, daidai yake. Kar ka kula da kirarin da suke sawa a kai, su Near Mint da Exc mai alamar tarawa biyar, sauka ƙasa ka karanta bayanin. In ka ga Untested ko Junk ko For parts, ma'anarsa ba a gwada ba ko ta lalace. Wadda aka ce an gwada ta da fim kuma ana karɓar mayarwa ita zaka bi ko da ta ɗan fi tsada.

Kafin duk wannan ma ka tambayi dangi. Gidajen 'yan uwanmu da suka daɗe a Makka da Jidda akwai irin waɗannan kyamarorin a cikin akwatin Hajiya tun zamanin da ake kai wa Najeriya tsaraba, wata ma da jakarta.

Mataki na 7: Gwaji a hannu, minti goma

Bi su a jere kar ka tsallake.

Buɗe gidan batir tukuna. In ka ga farin gari ko kore-kore a jikin ƙarfen, tsohon batir ya zube a ciki, kaɗan ne ana gogewa, in ya ci ƙarfen bar ta. Duba ƙofar tana rufuwa da kyau ba sai da salatif ba.

Sa batirinka ka kunna. Idon ya fito sumul ba tare da kakarewa ba, ɗan allon sama ya nuna lambobi cikakku ba baƙin tabo kamar tawada ta zube. Kashe ka kunna sau biyar.

Filasha. Ka tilasta mata ta tashi, ka ƙirga daƙiƙa nawa kafin ta sake shirya, da sabon batir 'yan daƙiƙu ne. In ta wuce rabin minti ko ta ƙi gaba ɗaya to akwai matsala, kuma ƙaramar kyamara mara filasha a ƙasar da ake fita da dare bata da amfani.

Saitin hoto. Nuna ta ga abu na kusa kamar taku biyu ka danna maɓallin rabi, koren haske ya kama kusa da tagar leƙe. Juya ga abu mai nisa ka sake. Sannan matso sosai har kusan taɓawa, hasken ya dinga ƙyaftawa yana ce maka ka yi kusa. In ya yi haka to na'urar aunawa tana raye.

Buɗe bayanta ka haska tocilar waya ta cikin gilashin. Ƙura kaɗan ba komai. Abinda baka so shine zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ko hazo fari da ya rufe gilashin. Kayan da suka zauna a Jidda suna yawan yin haka saboda danshin teku. Shafa yatsa a bakin ƙofar inda baƙin soso yake, in ya manne maka kamar kwalta to ya narke, haske zai dinga shiga yana ƙona gefen hoto da ja. Wannan ana canzawa da araha, amma ka rage masa kuɗi akai.

In kana da tsohon fim da ya lalace ka tafi da shi, sa shi ka danna har ya ƙare ka ga ta naɗe shi da kanta. Wannan gwajin ya fi duk sauran.

Wasu suna buga kwanan wata a gefen hoto, da yawansu kalandarsu a 2019 ta tsaya. Kashe shi kawai, ba aibi bane.

Mataki na 8: Fim na farko

Sayi mai kala, lamba 200 ko 400, lambar ita ke nuna yadda fim ke saurin shan haske. Kodak Gold 200 da ColorPlus 200 na rana ne, UltraMax 400 ko Fujifilm 400 sun fi dacewa in za a haɗa da cikin gida da yamma, ni 400 nake ce wa kowa ya fara da shi. Kodak Portra tana da kyau a fatar mutum amma bari sai hannu ya faɗa. Duba ranar ƙarewa a kwali. Duba jikin gwangwanin akwai wasu murabba'ai baƙi da azurfa, DX ake ce musu, da su kyamarar ke gane lambar fim ɗin, in babu su da yawa sai su ɗauka 100 ne.

Sawa ba wuya. A inuwa, buɗe baya, zaunar da gwangwanin, ja bakin fim ɗin har alamar ja ko ruwan lemo da ke ɗaya gefen, ya kwanta lif kar ya yi tudu, rufe. Zaka ji inji ya ja, allo ya nuna 1. In ya tsaya a 0 ko E yana ƙyaftawa bai kama ba, buɗe ka sake. Daga sanda 1 ya fito kar a sake buɗe bayan nan har sai ta naɗe da kanta. Ka faɗa wa yara da babbar murya, su ne ke buɗewa su ga "hoton yana ina".

Wannan naɗin na farko kai zaka ƙarar da shi cikin kwana biyu ka kai wanki kafin ka ba ta kyautar. Ɗauki na rana, na ɗaki, na filasha, na kusa, na nesa, na zum. Kar a fara gwada sabuwar tsohuwar kyamara ranar suna ko walima, in ta ba da kunya ba a maimaita ranar.

Mataki na 9: Abu huɗu da zaka nuna mata, sauran ta gano da kanta

Danna rabi. A tsakiyar tagar leƙe akwai 'yar alama, inda ta sauka nan kyamara ke saitawa. In mutum biyu suka tsaya gefe da gefe alamar ta faɗa tsakaninsu, bangon baya ne zai fito tas su kuma su dushe. Sai ta ɗora alamar a fuskar ɗaya, ta danna rabi kore ya kama, ta riƙe a haka ta gyara tsayuwar hoton sannan ta ƙarasa dannawa. Wannan kaɗai in ta iya an gama rabin aiki.

Gilashi. Yawancin ƙananan da hasken da ido baya gani suke auna nisa, in aka ɗauka ta tagar mota sai su auna gilashin. A sauke gilashin ko a danna alamar dutse mai sa ta saita nesa.

Filasha bata wuce taku huɗu zuwa biyar, wajen mita 3 ko 4. Ɗaukan maɓuɓɓugar Sarki Fahad daga Kornish, bakin tekun Jidda, da filasha ɓata fim ne. Amma da rana tsaka filashar tana da amfani a gare mu musamman. Fatarmu baƙa, bayanmu farin bango ko teku ko farar jallabiya, kyamara sai ta auna hasken bayan ta bar fuska a duhu. A kunna filashar dole, alamar walƙiya, fuska ta fito da kyau. Hoton da na fi so a gidanmu haka aka yi shi, ƙaramar 'yarmu a Balad, tsohon garin Jidda, ƙarƙashin tagogin katakon nan na rawashin, rana na bayanta, lallen hannunta har zanensa ana gani.

Yatsa da bakin mayafi. Tagar leƙe daban ido daban, zata iya rufe idon da yatsa ko gefen gyale bata sani ba. Ta riƙe daga gefe, igiyar a wuyan hannu.

Sannan ku tuna dokar ƙasar, ɗaukan mutane ba izininsu laifi ne mai tara, balle matan mutane. Gine-ginen gwamnati da wuraren jami'an tsaro a bar su. A Harami kuma a bar kyamara a jaka a yi abinda ya kai mutum, abinda masu tsaro suka ce shi za a bi.

Mataki na 10: Zafi, sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da tafiya gida

Kar a bar ta a mota ko na awa ɗaya, zafin cikin mota a watan Yuli yana dafa fim kala ta juye, yana narkar da soson ƙofa. Fim ɗin da ba a buɗe ba a sa shi a firij cikin robarsa, ba wajen ƙanƙara ba, in za a yi amfani a fito da shi ya yi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe robar. Na Jidda ku kula da wannan, in aka fito daga ɗaki mai sanyi zuwa waje gilashin yana yin gumi kamar yadda tabarau ke yi, a bar ta cikin jaka minti goma ta saba sannan a ɗauka. In za a ajiye ta wata guda ba amfani a cire batir. Bakin teku kuma yashi shine maƙiyinta, 'yar jakar zif ta isa.

In za ku Kano ko Yamai hutu, fim a jakar hannu yake tafiya, kar a sa shi a akwatin awo domin na'urar da ke duba manyan kaya tana ɓata shi. Sababbin na'urorin CT na jakar hannu ma Kodak da kanta ta yi gargaɗi akansu, dan haka a zuba fim ɗin a farar leda a roƙi jami'in ya duba da hannu, cikin ladabi, in ya ƙi kar a yi musu. Batirin lithiyam na ajiya shi ma jakar hannu. Wanda ya fi sauƙi shine duk abinda aka ɗauka a nan a wanke shi a nan kafin tafiya.

Mataki na 11: Miƙa mata

Bayan naɗin gwaji ya fito lafiya, goge ta da ƙyalle mai laushi, sa sabon batir, sa sabon fim allo na nuna 1, ka haɗa da naɗi biyu da batir ɗaya na ajiya a 'yar jaka. Cikin hotunan gwajin ka zaɓi uku ko huɗu a buga maka a takarda ka sa a ciki, domin ta ga abinda kyamarar ke iyawa tun kafin ta danna. Lambar mai wankin ka sa mata a waya, kuma ku yi alƙawari kai ne mai kaiwa da karɓowa. Dodon hoton in ya dawo a rubuta wata da shekara da wajen da aka je a jikin ambulan ɗin, a ajiye a durowar da ba danshi, nesa da turaren wuta.